Daga Damagaram zuwa Agadas a jirgin sama: kilomita nawa, minti nawa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Damagaram ne. Ƙanena da ke Agadas zai aurar da 'yarsa a watan Mayu, kuma mahaifinmu ya kafe sai ya je ɗaurin auren jikarsa. Ya manyanta, ga ciwon baya, ba na jin zai iya zaman mota yini guda. Na duba nisan a intanet, wani shafi ya ce 370, wani 229, wani kuma 199. Direbobi a tasha suka ce mini 450 ne. Wanne ne gaskiya? In kuma a jirgi ne, minti nawa za mu yi a sama? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanya albarka a auren. Abu biyu ka tambaya, nisa da lokaci, kuma kowanne yana da gajeriyar amsa: tsakanin filin jirgin Damagaram da na Agadas kilomita 370 ne a miƙe, jirgin fasinja mai farfela kuma yakan cinye shi cikin kamar awa ɗaya. Sai dai in na tsaya nan na cuce ka, domin kana iya zuwa sayen tikiti ka tarar tafiyar da ake sayarwa ta ninka wannan sau huɗu. Sana'ata tsara tafiyar jiragen sama ce. Kafin jirgi ya tashi ni ke zama in lissafa hanya da mai da nauyi, in miƙa wa matuƙi takarda ya duba ya sa hannu. A teburinmu akwai nisan taswira, akwai wanda jirgi ke bi, akwai wanda ake zuba wa mai, akwai kuma wanda fasinja ke biya, kuma da wuya su zo ɗaya.

Lambobin nan huɗu

Babu na ƙarya a cikinsu. Uku na farko nisa ɗaya ne aka auna da ma'auni uku. Kilomita 370 shi ne wanda muka saba da shi a Nijar da Najeriya. Shi 229 mil ne irin na Ingila da Amurka, mai mita 1,609. Shi kuwa 199 mil ɗin teku ne, mai mita 1,852, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi a kusan ko'ina a duniya. Shafukan da ka duba sukan rubuta ma'aunin da ƙananan haruffa a gefen lambar, ido ne kawai ba ya kai wa gare su. Na direbobi kuwa tsawon hanyar mota ne: daga Damagaram zuwa Tanut, a karkata yamma zuwa Aderbisinat, sannan a miƙe arewa a sauka gangaren Tigidit a shiga Agadas. Wannan karkatar da sauran lanƙwashe-lanƙwashen hanya su suka ƙara kilomita 80 ɗin.

Masu jirgi sun riƙe mil ɗin teku ne don yana sauƙaƙa lissafi a kan taswira. An raba kewayen duniya digiri 360, kowane digiri kuma minti 60. In ka yi tafiyar minti ɗaya na taswira daga kudu zuwa arewa, ka yi mil ɗin teku ɗaya ke nan, kuma a taron Monako na 1929 aka tsayar da tsawonsa a kan mita 1,852. Da wannan za ka iya fitar da nisan da kanka da biro da takarda. Filin Damagaram yana kan digiri 13 da minti 47 arewa, digiri 8 da minti 59 gabas. Na Agadas yana kan digiri 16 da minti 58 arewa, digiri 8 cif gabas. Bambancin arewa digiri 3 ne da minti 11, wato minti 191, wato mil 191. Bambancin gabas da yamma minti 59 ne, amma a nan sai an rage kaɗan, saboda layukan taswira da suka taso daga kudu suna ƙara matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa. A yankinmu minti ɗaya na gabas kashi 96 cikin ɗari ne na mil, don haka 59 ya koma 57. Sauran aikin na 'yan makaranta ne: 191 sau 191, a haɗa da 57 sau 57, ya ba da 39,730. Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan ita ce 199 da 'yar ɗoriya. Ninka ta da 1.852, ka samu kilomita 369.

In ka ga wani shafi ya ce 368 wani ya ce 372, kada ya dame ka. Wani daga tsakiyar gari yake aunawa, wani daga tsakiyar filin jirgi. Wani ya ɗauki duniya dunƙulalliya sak, wani ya lura da ɗan kumburinta a tsakiya. In za ka sake nema, yi amfani da haruffan da kamfanonin jirgi suka san filayen da su: ZND na Damagaram, wadda a takarda Zinder ake rubutawa, da AJY na Agadas, filin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak, jagoran Abzinawa da ya rasu a 1995. Yamai kuma NIM ce.

Hanyar da jirgi ke bi

Agadas ba arewa sak take da Damagaram ba, ta ɗan karkata yamma, kusan digiri 343 a kamfas. Titin tashi da sauka kuwa, a filayen biyu, ya kwanta ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, domin jirgi yana son ya tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, iskar yankinmu kuma daga waɗannan kusurwoyi biyu take zuwa: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Ke nan jirgin da zai yi arewa sai ya fara tashi gabas ko yamma, ya kai wani tsayi, sannan ya juya. Da ya kusa Agadas ma sai ya ratse gefe ya daidaita kansa da titin tun daga nisan kilomita 15 zuwa 20 kafin ya sauko. Waɗannan juye-juyen sukan ƙara kilomita 15 zuwa 30. Shi ya sa idan ina ƙiyasin wannan hanya a ka, 390 nake ɗauka.

A sama ma ba a sakin jirgi ya bi inda ya ga dama. Sararin samaniyar Nijar yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, kuma ita ke cewa ga hanya, ga tsayi. Akwai ƙa'idar da ke raba masu zuwa da masu dawowa: jirgin da alƙiblarsa ta karkata yamma yakan ɗauki tsayi mai lamba cika, kamar ƙafa 16,000 ko 18,000, wanda ya karkata gabas kuma ya ɗauki mai mara, kamar 17,000. Don haka tafiyarku da dawowarku ba a tsayi ɗaya za a yi su ba. Wani lokaci kuma siyasa ce ke lanƙwasa hanya. Lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agustan 2023, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa zagaye ƙasar baki ɗaya, alhali taswira ba ta canza ko taku ɗaya ba.

Ƙarshen Mayu, watan da ka ambata, lokaci ne da hadari ke fara haɗuwa a kudancin Nijar, sau da yawa da guguwar ƙura a gabansa. Gajimaren hadari irin namu yakan yi tsiri ya wuce ƙafa 40,000, ya fi ƙarfin a bi ta samansa, kuma babu matuƙin kirki da ke ratsa shi. Zagaye shi ake yi, a ba shi tazarar kamar mil 20 na teku, wato kilomita 37. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Hausawa, ko da yake a nan shekarar minti goma ce.

Minti nawa

In ka raba nisa da gudu za ka samu lambar da ta gaza gaskiya. Ɗauki jirgi mai farfela biyu kamar ATR 72 mai kujera kusan 70, ko Fokker 50 mai kujera 50. Gudunsu idan sun daidaita a sama kusan kilomita 500 ne a awa, ke nan 370 zai zama minti 44. To amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun. Yakan yi kamar minti 15 yana hawa a hankali, ya ci kilomita 85. Saukowa da daidaitawa da titi sukan ɗauki minti 17, su ci wajen kilomita 110. Abin da ya rage a tsakiya cikin 390 ɗin nan, kusan kilomita 195, shi kaɗai ake yi da cikakken gudu, cikin minti 23. Jimilla minti 55 a sama. Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuwa daga cire waigi a tayar jirgi yake farawa, ya ƙare a sa waigi a ɗaya filin, don haka ƙara minti biyar na gangarawa zuwa bakin titi da biyar na komawa wurin tsayawa. Awa ɗaya da minti biyar, ko da goma.

Mutane sukan ce mini, to da jet ne fa? Boeing 737 yana gudun sama da kilomita 800 a awa, a takarda minti 27 ke nan. A aikace ba zai yi ƙasa da minti 40 ba sosai. Ƙasa da ƙafa 10,000 akwai iyakar gudu ta kusan kilomita 460 a awa a yawancin wurare, ta shafi kowa. Sannan ƙa'idar saukowa ita ce mil uku na teku ga kowace ƙafa dubu. Jet ya fi jin daɗin aiki a ƙafa 35,000, saukowa daga can kuma tana buƙatar mil 105, fiye da rabin tafiyar duka, ba a ma yi maganar hawa ba. Don haka a gajeriyar hanya irin wannan ba ya kai wa inda yake tsimin mai. Ya hau rabi, ya fara saukowa. Ko tuwon mutum ɗaya za a tuƙa sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa, haka tashi da sauka suke ga jirgi: kuɗinsu da lokacinsu ɗaya ne ko tafiyar gajera ce ko doguwa. A kilomita 370, jet ya ƙona mai mai yawa don ya rage kwata ɗaya na awa, shi ya sa masu farfela suka fi dacewa da hanyar.

Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya kamar Cessna Caravan, mai ɗaukar mutum tara zuwa goma sha kaɗan, gudunsa na yau da kullum wajen kilomita 300 ne. Shi ka ba shi awa ɗaya da rabi. Kuma shi iska ta fi taɓawa. A ce iskar gaba tana gudun kilomita 40 a awa: ATR zai koma 460, minti 44 ɗin nan na takarda ya zama 48, Caravan zai koma 260, minti 74 ya zama 85. In iskar ta baya ce, sai su koma 41 da 65. Sa'ar wannan hanya ita ce ta kwanta kudu da arewa, manyan iskokin sama a yankin kuma galibi gabas da yamma suke bi, don haka ta gefe suke bugun jirgin, ba su cika ƙara ko rage lokaci mai yawa ba.

Nisan da ake zuba wa mai

A nan ne ƙananan filaye suka bambanta da manya, kuma nan na fi ɓata lokaci idan ina tsara tafiya. Dokar ƙasa da ƙasa ba ta yarda a zuba man isa kawai ba. Sai an zuba na gangarawa a ƙasa, da na tafiyar, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari don abin da ba a zata ba, da wanda zai kai jirgin wani filin ko-ta-kwana in saukar ta gagara, sannan da na shawagin minti 30 wanda ba a taɓawa sai rai ya yi halinsa. Tambayar ita ce, in Agadas ta rufe, ina za a? Arlit tana arewa da kusan kilomita 210, amma ƙaramin fili ne da ba kowane jirgin fasinja ke dogara da shi ba. Tawa tana kudu maso yamma da kusan kilomita 370. Damagaram da aka baro ita ma 370. Ke nan jirgin da zai je Agadas yakan ɗauki man kilomita 740 da ɗoriyar rabin awa, don tafiyar da taswira ta ce 370 ce. A dawowa abin ya fi sauƙi, domin Maraɗi tana kusan kilomita 200 daga Damagaram. Kano ma kusan 200 ce, ta fi Agadas kusa da ku nesa ba kusa ba, sai dai ita ƙetare iyaka ce, da nata sharuɗɗan izini.

Wannan man nauyi ne, kuma a nan zafin Mayu yake shigowa. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, fiffike ya rasa abin riƙewa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu. Filin Agadas yana kan tudun kusan mita 500 daga matakin teku, ƙafa 1,650. Ma'aunin da aka gina lissafin jirage a kai ya ɗauka cewa a wannan tsayi zafi digiri 12 ne. A watan Mayu da rana tsaka Agadas takan wuce 40. A ce 42 ne, bambancin digiri 30 ke nan, kowane digiri kuma kamar an ɗaga filin ƙafa 120 ne. Sai jirgin ya ji kamar daga ƙafa 5,250 yake tashi, mita 1,600, sama da tudun Jos. Yana buƙatar titi mai tsawo, kuma hawansa yakan yi nawa. Titin Agadas mita 3,000 ne, yana da yalwa. Na Damagaram bai kai shi ba. Idan lissafi ya nuna nauyi ya wuce abin da zafin ranar ya yarda, mai ba ya raguwa, domin doka ce ta tsayar da shi. Kaya ake saukewa, wani lokaci har a bar kujeru babu kowa. Mukan ƙiyasta fasinja da jakarsa a kan kilo 100, don haka rage tan ɗaya daidai yake da mutum goma. Fasinja sukan fusata su ga kujera a sarari an ce jirgi ya cika, ko su sauka su tarar jakarsu ba ta biyo su ba. Ina ganin laifin namu ne masu aikin da ba mu cika yi musu bayani ba, amma lissafin kansa ba son zuciya ba ne.

Hazo ba zai dame ku a Mayu kamar yadda yake yi daga Disamba zuwa Fabrairu ba, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na arewacin Chadi ke rufe yankin har gani ya gaza kilomita ɗaya. Abin lura kawai shi ne ƙananan filaye galibi ba su da na'urorin saukar da jirgi cikin duhun yanayi kamar na Yamai, kuma ba kowanne ke aiki dare da rana ba. Jinkirin awa uku da a babban fili jinkiri ne kawai, a ƙarami yakan zama sai gobe.

Nisan da ke kan tikiti

Yanzu ga wanda zai yanke maka hukunci. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 735 ne a sama. Daga Yamai zuwa Agadas ma kusan 735. In babu jirgin da ya haɗa garuruwanku kai tsaye, aka ce sai ta Yamai, tafiyarku ta zama kilomita 1,470, ninki huɗu na 370 ɗin da ka gani. Kowane zango kusan awa ɗaya da minti 50 ne a jirgi mai farfela, ga jira a tsakani wanda sau da yawa kwana ne.

Dalilin haka kasuwa ce. Masu hawa jirgi a ƙasashenmu yawancinsu babban birni suka nufa: ma'aikata, 'yan kwangila, masu neman biza, masu zuwa asibiti. Waɗanda za su biya kuɗin jirgi tsakanin garuruwan jihohi biyu a rana ɗaya ba su cika kai yawan da zai cika kujera 50 ba. Niger Airlines, wanda ya fara jigila a 2014 da Fokker 50, a Yamai ya kafa sansaninsa, kuma haka kusan duk kamfanin cikin gida yake yi a ƙasarsa. A Najeriya ma wanda zai tashi daga Sakkwato zuwa Yola yakan tarar sai ta Abuja. Dabarar da kamfanoni ke yi don su haɗa fasinjan gari biyu a jirgi ɗaya ita ce zagaye mai kusurwa uku: a tashi daga Yamai, a sauka Damagaram, a wuce Agadas, a koma Yamai. In ka dace da irin wannan rana, Baba ya yi awa ɗaya ya isa. Amma lura da abin da ke cikinsa. Jirgin gaba yake yi, ba ya komowa ta inda ya fito. Wanda ke Agadas yana son Damagaram a wannan zagayen sai ya bi shi Yamai tukuna. Tafiya 370, dawowa 1,470, sai fa in akwai wata rana da ake juya zagayen. Jadawalin waɗannan jirage kuma yana sauyawa da samuwar jirgi da mai da yanayin ƙasa, don haka ofishin kamfani ne kaɗai zai faɗa maka abin da ke akwai a makon bikin. Abin da shafukan auna nisa ke nunawa lissafin taswira ne, ko babu jirgi ko ɗaya a hanyar za su ba ka minti.

Wani zai ce maka ai yana ganin fararen jirage suna sauka a Damagaram suna wucewa Agadas. Yawanci na UNHAS ne, sashen jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar abinci ta duniya ke gudanarwa, kuma ma'aikatan agaji masu rajista yake ɗauka, ba a sayar wa jama'a tikitinsa. Shata kuwa, in wani ya kawo maka shawararta, ka san da awa ake biya, har da awannin da jirgin ya yi babu kowa a ciki. In a Yamai yake kwana, zai zo 735, ya kai ku 370, ya koma gida 735. Kilomita 1,840 za ka biya, ninki biyar na abin da kuka hau. Ba na ba iyali shawarar haka sai in rai ne ake ceto.

Ga yadda nake ganin lamarin Baba. Mota a kan kilomita 450, in an samu matsakaicin gudun 60 a awa, awa bakwai da rabi ce ba tare da tsayawa ba. Ƙara salla da cin abinci da shingayen bincike da wuraren da hanya ta lalace, yini ya tafi. In akwai zangon kai tsaye, babu abin tattaunawa, ku hau jirgi. Filayen biyu duk dab da gari suke, don haka ko da isa fili awa ɗaya da rabi kafin tashi, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida bai wuce awa uku da rabi ba. In sai ta Yamai, ga mai ciwon baya har yanzu zama biyu na ƙasa da awa bibbiyu da hutu a tsakani ya fi jijjigar yini guda, amma kuɗin tikiti biyu ne da na masauki, kai za ka auna aljihunka. In ya gagara, motar gida da za a raba tafiyar a huta a Tanut ta fi bas, kuma a yi ta da rana bayan an tambayi halin da hanya ke ciki.

Ka nemi jirgin safe in akwai zaɓi. Da rana ƙasa ta gasu, iska mai zafi takan riƙa tasowa tana girgiza jirgi lokacin hawa da saukowa, hadari ma galibi da la'asar yake haɗuwa, ga matsalar nauyi da na faɗa. Ka tambayi irin jirgin: ATR da Fokker suna daidaita iskar cikin ɗakin fasinja, Caravan ba ya yi, don haka yakan tsaya wajen ƙafa 10,000 inda numfashi ke ɗan yi wa tsoho nauyi. In Baba yana da ciwon zuciya ko na huhu bayan na bayan, wannan maganar likitansa ce, lissafina bai kai nan ba. Ka faɗa musu tun wurin sayen tikiti cewa kuna da dattijo, domin a irin waɗannan filaye da ƙafa ake takawa zuwa gindin jirgi a hau matakala, gara su san za a kama masa. Magungunansa da kayan da zai sa ranar biki su kasance a jakar hannu. Ka sayi na dawowa tare da na tafiya, ka sa a nuna maka ta inda kowanne zai bi. Kuma tunda jirgin ba kullum yake zuwa ba, wanda aka soke ba lalle a maye gurbinsa washegari ba. In ɗaurin auren Asabar ne kuma akwai jirgin Laraba, kada ku jira na Juma'a.